Ai Ba a Kwantar da Ita Ba

Da hantsi aka shiga da Sa'adatu ɗakin tiyata, kafin a kira la'asar an ce ta ɗauki mayafinta ta tafi gida. Cibiyarta ce ta turo tun bayan haihuwar 'yarta Nusaiba, idan ta yi tari ko ta ɗaga abu mai nauyi sai wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza. Likita ya ce hanji ne yake leƙowa ta wata 'yar kafa, za a mayar da shi a ɗinke, kuma aikin ba ya buƙatar kwanciya a asibiti. Wannan magana ta ƙarshe ita kaɗai mijinta Abdulmalik ya kai gida. Ita ce ma ta sa uwarsa, Hajiya Jummai, ta yarda a yi aikin kafin bikin autarta Binta.

Abdulmalik ya ga shigarta, sai masu haɗa gadon amarya suka kira shi, ya tafi. Wanda ya rage a kan benci shi ne mahaifinta, Malam Yahaya, da ya kawo su a adaidaita sahunsa. Sa'adatu 'yarsa ce ta fari, kuma ya zo birni da kunyarsa ta ƙauye ba ta ragu ba. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. In ba "ke" ba, to "yarinyar nan".

"Wa zai tafi da ita?" in ji sistar da ta riƙo ta.

Malam Yahaya ya miƙe. "Ni na kawo ta."

"Kai ne mahaifinta?"

Ya dubi ƙasa. "'Yar wajenmu ce."

"To Baba, ka buɗe kunne, don ita har yanzu allurar barci ba ta gama sakinta ba. Sallama ba warkewa ba ce. Gadon asibiti kawai muka mayar muku gida. Yau da gobe a sami babba ya zauna da ita, kada ta shiga banɗaki ita kaɗai. Ta riƙa ɗan takawa a hankali, amma ban da ɗaga nauyi har sai likita ya ce. Ba jarka, ba tukunya, ba goyo. Kada ruwa ya jiƙa ɗinkin. Idan aka ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ya kumbura, ko yana fitar da ruwa, ko tana amai, kada a jira ranar da muka ba ku, a dawo da ita nan take. Ka ji?"

"Na ji," in ji shi. Leɓensa na motsi yana bita kamar mai hadda.

A hanya ya riƙa tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa, yana kewaye kowane rami. Wani ɗan adaidaita ya wuce su yana dariya. "Baba, ƙwai ka ɗauko ne?" Sa'adatu na baya ta dafe ciki da hannu biyu, titi yana juya mata.

Gidan surukanta a Darmanawa yake, ɗakinta na can ƙurya. Tun daga soro ƙamshin suyar dubulan ya tarye su. Malam Yahaya ya tsaya a soron, inda suruki yake tsayawa, Hajiya Jummai ta leƙo hannunta duk fulawa.

"A'a! Har kun dawo? Kai, zamani! Lokacin da aka yi wa marigayi Alhaji aiki, sai da tabarmata ta mutu a barandar asibiti. Wannan ai sakiya aka yi mata. Sannu, Sa'a."

Sa'adatu ta ji mahaifinta ya gyara murya. Ta jira ya sauke kayan da sista ta ɗora masa. Amma mutum ya tsaya gaban surukarsa yana lissafa yadda za a kula da 'yarsa ta fari? Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, sun ce dai a bi a hankali."

"Haba Malam, ai 'yarmu ce."

Shi ke nan, ya juya.

Ba wanda ya zauna da ita a yammacin nan. Ba mugunta ba ce, hannu ne ya yi kaɗan, ga kasko a wuta. Da ta tashi za ta kewaya sai jiri ya ɗebe ta, ta zube a bakin ƙofa ta riƙe labule har ya wuce. Nusaiba, da ba ta jima da fara tafiya ba, ta hau cikinta da gwiwa tana neman a ɗauke ta.

Watanni kaɗan da suka wuce an kwantar da matar maƙwabcinsu saboda taifot. Sa'adatu da kanta ta dafa farfesun da Hajiya ta kai dubiya, unguwa kuwa ta yi ta ɗauki zuwa asibiti da kuloli da fulas. Ita kam ba wanda ya zo. Wa zai je dubiyar wadda ba a kwantar ba? Da gari ya waye ta ji tana sha'awar romo mai zafi, ko da na ƙashi ne, amma ta ji nauyin faɗa. Ta sha kokon da kowa ya sha.

Da rana ɗan garuwa ya sauke jarkoki a soro. Hajiya ta ɗaga murya.

"Sa'a! Tunda kina zaune, ɗan shigo mana da ruwan nan."

"Hajiya, an ce kada in ɗaga abu mai nauyi."

"Wa ya ce ki ɗaga? Ja za ki yi. Motsa jiki ma ai magani ne, kwanciya ita ke kawo tsamin jiki."

Ta ja ta farko, ta huta. Ta ja ta biyu. A bakin randa kuma dole a ɗaga, don jarka ba ta juye kanta.

Da magariba Abdulmalik ya shigo a gajiye, ya zauna bakin gado yana cire takalmi. Ta gaya masa abin da sista ta ce, iya abin da ta tuna.

"Su ai haka suke faɗa wa kowa," in ji shi. "Da abin mai tsanani ne za su sallame ki? Likitoci ba su san aikinsu ba ne?"

"Abban Nusaiba, wurin yana min zugi."

"Yanka ne, dole ya yi zugi. Sa'a, ki rufa min asiri. 'Yan kwanakin nan ne kawai. Kin san bakin danginmu. Matar babban wa ta shige ɗaki ranar bikin ƙanwarsa, me kike so su ce? Da an kai amarya, wallahi ko cokali ba za ki ɗaga ba."

Shi ma ba azzalumi ba ne a ganin kansa. Ya ma sayo mata tsire.

Daga nan aiki ya buɗe. Yau a zauna tsintar shinkafa, gobe murzar alkaki, jibi wanke manyan tukwane. Duk abin da aka ba ta, sai an haɗa da cewa mai sauƙin aka zaɓar mata. Nusaiba kuma tana bin ƙafafun mutane kusa da mai mai tafasa, har wata gwaggon Binta da ta zo daga Babban Giji ta ce, "Ke kuwa ki goya 'yar nan mana, sai ta faɗa kasko?" Sa'adatu ta goya ta. Ƙullin majanyi ya zauna daidai kan ɗinkin.

Kullum da yamma Malam Yahaya yakan biyo, wai hanya ce ta kawo shi, alhali shi a Gyaɗi-Gyaɗi yake haya. Yakan aika a ce ana sallama, ta fito soro ta durƙusa da ƙyar. Ran nan ya zo da lemo a leda.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya dubi hannunta da ya yi fari da ƙullu, ya dubi majanyin da ke ɗaure a cikinta, ya mayar da idonsa kan bango.

"Ana dai bin abin da suka ce?"

"Ana bi."

Ya san ƙarya ce, ta san ya sani. Amma an tarbiyyantar da ita cewa mace ba ta kai ƙarar gidan aurenta, shi kuma an tarbiyyantar da shi cewa uba ba ya leƙa tukunyar gidan suruki. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi. Ta daɗe ba ta ji tashin adaidaitar ba. Lemon kuwa yaran biki suka shanye.

Sai zazzaɓi ya sauka. Da farko da yamma kawai yake zuwa, daga baya ya tare. Ta ɗaga bandejin ta leƙa, ta ga wurin ya yi ja ya ɗaure, yana tsatsafo da wani ruwa. Ta nuna wa Hajiya.

"Na faɗa! Jini ne ya kwanta. Su asibiti yanka suka iya, ba su san gashi ba."

Hajiya da kanta ta dafa ruwa, ta tsoma tawul ta riƙa danna mata, kamar yadda ake gasa mai jego. Sa'adatu ta cije gefen filo, hawaye na shiga mata kunne.

"An ce kada ruwa ya taɓa, Hajiya."

"Da wannan ruwan na gasa haihuwa tara. Yi haƙuri, 'yar nan, gata nake miki."

Kuma har zuciyarta gatan take ganin tana yi.

Ranar da asibiti suka ce a koma ta faɗo ranar kamu. Sa'adatu ta tuna wa mijinta tun da safe. Yana ɗaure agogo ya ce, "Yau? Sa'a, ki dubi gidan nan. Asibitin ai ba guduwa zai yi ba." Ya biya kemis ya karɓo mata ƙwayoyi masu launi biyu, ya ce mai kemis ya ce suna busar da ciwo. Ta sha, ta amayar. Ta sa ankon biki, ta ɗaura zanin sama da cibiya, ta fita ana guɗa. Binta ta rungume ta tana cewa, "Anti, jikinki zafi kamar garwashi!" Kafin ta amsa an janye amarya wajen hoto.

Ranar yini gida ya cika har soro. An kafa murhu uku a bayan ɗakuna, mata na ta rabon abinci. Sa'adatu tana jin muryoyi kamar daga cikin rijiya. Shinkafa ta tsotse a babbar tukunya, aka nemi mai kama kunne ɗaya a sauke.

"Sa'a, kama mata nan."

Ta kama. Suka ɗaga. Sai ta ji wani abu ya tsinke a cikinta, a hankali, kamar zaren da ya gaji. Ba ta saki tukunyar ba sai da ta dire ta, don kada ta ƙona matar da ke ɗaya gefen. Sannan ta ja jiki ta zauna a gindin katanga. Ɗumi ya bi cinyarta. Ta sa hannu a ƙarƙashin riga ta ji kumburin ya dawo, ya fi na da, ya yi tauri kamar dutse.

Aka kira Hajiya. Ta zo da sabon leshi, ta sunkuya tana magana ƙasa-ƙasa.

"Innalillahi. Yau kuma? Sa'a, ki daure a sallami mutanen nan. Dangin ango na tsakar gida, kada a ce gidanmu an yi abin faɗa. Ke, kawo mata zani ta rufa. Da an watse Abdulmalik zai kai ki."

Aka rufa mata zani, aka ci gaba da zuba shinkafa. Ta jingina kai da katanga. Ba ta jin haushin kowa, gajiya kawai take ji, irin wadda mutum yake so a ƙyale shi ya rufe ido. Ta yi amai a gefenta, ta ja ƙasa da hannu ta rufe.

Malam Yahaya tun safe yake jigilar 'yan biki kyauta, gudummawarsa ke nan. Da ya sauke wasu mata a ƙofar gida, sai ya aika a ce ana sallama da uwar Nusaiba. Matar da ta kama tukunya da ita ce ta fito, ta ce, "Tana can baya a zaune, wai cikin ne. Malam, ni dai ban ga alamar za ta iya tasowa ba."

Sa'adatu ba ta ga shigowarsa ba. Hayaniya ta ji ta ɗauke, mata suna jan mayafi suna cewa namiji, namiji. Sai wata murya ta tsaga gidan.

"Sa'adatu!"

Ta san muryar, amma ba ta san ta da wannan kalmar ba. Ta ɗauka zazzaɓi ne yake mata wasa.

"Sa'adatu! Kina ina?"

"Baba," ta ce. Ko ita ba ta ji kanta ba.

Ya zagayo bayan ɗakunan da takalminsa da hularsa a karkace. Ya durƙusa ya yaye zanin, ya ga abin da ya jiƙa ankon. Hajiya ta biyo shi da sauri.

"Malam, lafiya? Cikin mata? Ai da ka jira a soro, yanzu ake shirin..."

"Na jira a soro, Hajiya. Kullum a soro nake."

Ya sa hannu ya ɗauki 'yarsa kamar jaririya, shi da ko a jaririyar bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ya ratsa tsakar gida da ita, dangin ango na kallo, cokula a tsaye. Wannan karon bai kewaye rami ko ɗaya ba.

A ranar aka sake shiga da ita tiyata. Likita ya ce ɗinkin ya ruɓe ya buɗe, hanji ya sake fitowa ya maƙale, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Da ta farfaɗo ta ga roba a hancinta, ƙarin ruwa a hannunta, an kuma ce ko ruwa kada a ba ta sai an ga hanjin ya motsa. An kwantar da ita.

Sai ga dubiya. Washegari da yamma suka cika ɗakin, Hajiya a gaba da babbar kula, gwaggon Babban Giji da fulas, maƙwabta da lemo da ayaba. Abdulmalik yana rakuɓe a bakin ƙofa, Nusaiba a kafaɗarsa, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Sannu, Sa'a. Sannu, 'yar nan. Ashe abin babba ne," in ji Hajiya, idonta ya kawo ruwa. "Wallahi ba mu sani ba. Ke ma da zurfin ciki. Su kuma da suka san haka ne, me ya sa suka sallame ki tun farko?"

"Ƙaddara ce," in ji gwaggo. "Abin da Allah ya rubuta."

Malam Yahaya yana zaune a kan tabarma a gefen gado. Bai kwana gida ba, bai fita aiki ba. Ya ɗago kai, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Hajiya, ta faɗa. Ta faɗa a kan jarka, ta faɗa a kan ruwan zafi, ta faɗa wa mijinta. Ni ma an faɗa min, tiryan-tiryan, na zo ƙofarki na haɗiye saboda kunya. Asibiti ba su ce ta warke ba. Cewa suka yi ta tafi gida a yi jinyarta, don sun ɗauka gida ya fi nan masu tausayinta."

Abdulmalik ya matso. "Baba, a yi haƙuri. In an sallame ta, wallahi ko cokali..."

Sa'adatu ta rufe ido. Ta taɓa jin maganar cokalin nan.

"In an sallame ta Gyaɗi-Gyaɗi za ta," in ji Malam Yahaya. "Na aika wa ƙanwata Asabe ta taho daga ƙauye ta zauna da ita. Ba yaji ba ne, ba kuma raba aure nake ba. Ranar da likita ya ce ta iya ɗaga tukunya, ka zo mu yi magana."

"Malam, mutane za su ce mun kasa riƙe ta," in ji Hajiya.

"Za su ce."

Hajiya ta sunkuya ta buɗe kular da ta kawo. Ƙamshi ya cika ɗakin. Farfesun kaza ne, da citta da masoro, irin wanda Sa'adatu ta kwanta tana sha'awa a ƙuryar ɗakinta washegarin aikin farko. Wata sista da ke wucewa ta tsaya.

"Hajiya, a rufe. Ba ta ci, ba ta sha."

Aka mayar da murfi. 'Yan dubiya suka yi addu'a, suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ai yanzu kam tana jin jiki. Kuloli suka rage a jere a ƙarƙashin gado.

Malam Yahaya ya tashi ya gyara mata zanin rufa.

"Sa'adatu," ya ce, yana ɗan tauna sunan kamar baƙon abinci. "Ya jikin?"

Bakinta ya buɗe zai ce da sauƙi, don abin da ya saba ke nan. Sai ta dube shi.

"Da ciwo, Baba."

"To," in ji shi, ya jawo tabarmarsa kusa da gadon. "Haka za ki riƙa gaya min."